Daga Bagudo Zuwa Kwatano: Abin da Ya Kai Mu Bakin Teku

A bakin yawancin Hausawan Najeriya, Kwatano sunan mota ne kafin ya zama sunan gari. Idan aka ce wane ya sayi 'yar Kwatano, kowa ya san ana nufin motar da ta gama aikinta a Turai, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Jamhuriyar Benin. A wurinmu kuwa, mutanen Bagudo da Illo da Lolo da Tsamiya, Kwatano gari ne da ke ɗauke mana samari, wasu su dawo da damina, wasu sai Sallah, wasu kuma sai dai muryarsu a waya. Ina cikin waɗanda ya ɗauka. Tun farkon 2021 nake zaune a can, ina riƙe wa wasu dillalan albasa littafin lissafi a kasuwar Dantokpa, iyayena da ƙannena kuma suna gida, tsakaninmu da tafiyar da ta haura kilomita 700.

Abokan karatuna da suka samu aikin gwamnati a Birnin Kebbi sukan zolaye ni, wai mun tafi shan iskar teku da hasken rana kamar Turawa 'yan yawon buɗe ido. Zancen rana dai abin dariya ne ga wanda ya taɓa yin azumi a Bagudo cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ranar Kwatano ba ta kama ƙafar tamu ba. Abin da garin yake da shi shi ne gumi mai nauyi wanda ba ya bushewa a jiki, da damina biyu a shekara, da sauro, da unguwannin da ruwa ke kwanciya a cikinsu saboda an gina su a kan yashi tsakanin teku da tafkin Nokoué. Tekun kansa, na fi wata uku a garin kafin na je na tsaya a gabansa. Babu wanda ya bar mahaifiyarsa don ya kalli ruwan gishiri. Dalilan suna wani wuri dabam, kuma ina ganin ya kamata a faɗe su a fili, domin masu tsara manufofin iyaka a Abuja ba kasafai suke jin su ba.

Da farko, hanyar ba sabuwa ba ce. Tun kafin zuwan Turawa ayarin fatake ke tashi daga Kano, su ratsa Jega, su haye Kwara a wajejen Illo ko Yawuri, su bi ta ƙasar Borgu da Djougou har Salaga a Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su dawo da goro. A duk inda suka yada zango sai unguwa ta tashi, shi ya sa har yau akwai Zango a Parakou, akwai a Kwatano da babban masallacinsa. A 1898 ne Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba Borgu gida biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Bussa suka faɗa hannun Ingila. Layin da suka ja ya raba ƙasa, amma bai raba auratayya da kasuwa da harshe ba. Dandanci da ake ji a Kamba da Lolo shi ne ake ciniki da shi a Malanville da Kandi. Yaron da ya tashi a Tsamiya ya fi sanin ranar kasuwar Segbana a kan hanyar Kaduna. Saboda haka idan rayuwa ta matse shi, ya duba kudu ta cikin Benin, gadon kakanninsa yake bi.

Matsin da ya tashe ni ya fara ne a watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. An ce don a kare manoman shinkafa ne daga shinkafar waje da ake shigowa da ita ta Kwatano, kuma a nan dole mutumin Kebbi ya yi adalci: a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Nuwambar 2015, manomanmu da yawa sun ga amfaninsa, kuma fasa-ƙwauri gaskiya ne, ba ƙage aka yi mana ba. Sai dai wuƙar ba ta tantance ba. Ina da ƙaramin shagon hatsi da kayan masarufi a kan hanyar iyaka, rabin masu sayayyata daga ƙetare suke zuwa. Matar da ke kawo doya da man kaɗe ta koma da gishiri da sabulu ba ta san komai game da jiragen ruwan Tailan ba, amma ita aka fara tsayarwa. A Nuwambar shekarar aka ƙara da hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai ga mai injin ban ruwa da mai injin niƙa suna neman mai kamar masu neman abin sata. Da aka buɗe iyakoki huɗu a Disambar 2020, babu ko ɗaya a Kebbi. Kamba sai a Afrilun 2022 ta samu shiga, Tsamiya kuwa ba ta cikin wancan jerin ma.

Ana cikin haka ambaliyar 2020 ta zo. Kwara ta cika ta batse, ta shafe shinkafar fadama a ƙananan hukumomi da dama, har da tamu. Gonar gidanmu da muka zuba wa abin da ya rage na jarin shago ta koma tafki. Shago babu ciniki, gona babu amfani, takardar difloma tana cikin akwati. A irin wannan hali ba a tambayar mutum me ya sa ya tafi, sai dai a tambaye shi ina ya nufa.

To me ya sa ba Legas ba, tunda ita ma bakin teku ce kuma ƙasarmu ce? Wannan ita ce tambayar da masu ilimi suka fi yi mini, wani lokaci da sautin zargin rashin kishin ƙasa. Amsar tana cikin taswira da aljihu. Daga Tsamiya ka shiga Segbana, ka kama Kandi, daga nan babban titi ne guda ya miƙe ta Parakou da Bohicon har Kwatano. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. A can kuma akwai maigida da zai karɓe ka a Zango, ya ba ka tabarma, ya tsaya maka a kasuwa har ka san gari. Sai kuma maganar kuɗi, wadda ita ce ta mayar da 'yan ci-rani mazauna. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya a kan sefa 655 da 'yan ɗigo, ba ta motsi. A wajen 2014 jika guda ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 350 ba, muna yi mata kallon kuɗin wasan yara. Bayan an saki naira a kasuwa a Yunin 2023, sai ga jikar nan ta haura naira 2,500 a cikin 2024. Albashina bai ƙaru da ko dala ɗaya ba a tsakanin, amma abin da nake aika wa gida ya ninka a hannun mahaifina. Ɗan dako a Dantokpa, da mai ɗinki a Zango, da yaron da ke wanke motoci a filayen sayar da su na hanyar Seme, duk sun iya wannan lissafin ba tare da sun shiga aji ba.

Akwai wani dalilin da ba mu cika faɗa ba, saboda yana da nauyi a baki. Nisa da dangi yana kare jari. A gida, mai shago ba shi da ikon cewa babu. Yau suna, gobe biki, jibi ɗan ƙanwar kaka ya kwanta asibiti, gata maƙwabci ya ɗauki mudu uku bashi wanda kai da shi kun san ba za a biya ba. Ba na ƙin wannan, da shi aka rene ni, kuma shi ne inshorar talaka a ƙasar da hukuma ba ta tsaya masa. Amma na ga shaguna da yawa da alheri ya rufe. A Kwatano nakan ware abin gida a ƙarshen wata, in aika ta hannun masu canji, saura ya zauna a inda yake. Yawancin waɗanda suka gina ɗaki na bulo ga iyayensu a garuruwanmu, daga nesa suka gina shi. Duk da haka abin kunya ne mutum ya furta cewa sai da ya yi nesa da 'yan'uwansa ya iya taimakonsu, shi ya sa muke fakewa da zancen kasuwa.

Farashin kuwa ba da sefa ake biyansa ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, waya kuma ba ta da ƙafa. Ƙanin mahaifina, wanda ya koya mini riƙon garma, ya rasu da asubahin wata Talata, kafin azahar an rufe shi kamar yadda addini ya tanada. Ni kuwa a lokacin ko Bohicon ban kai ba. Na isa gida bayan sadakar uku, na tarar an naɗe tabarmi. Inna ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ɗan nan, kuɗinka suna zuwa, Allah Ya yi albarka. Amma ranar tawa, wa zai ɗauki makara?" Ba ni da amsar da zan ba ta, har yau kuma ban samu ba.

Sai maganar yara, wadda ta fi damun waɗanda suka kai iyalinsu. Makaranta a can da Faransanci ake yi, wasa a layi kuma da harshen Fon. Babban ɗana yana jin Hausa sarai, amma da Faransanci yake ƙirga, kuma da muka je gida bara kakansa ya tambaye shi sunan unguwar da aka haifi ubansa, yaron ya dube ni. Idan ya gama firamare a can, takardarsa ba ta dace da tsarin makarantunmu ba sai an yi ta faɗi-tashi. Idan na mayar da shi gida wurin kakanninsa, na ƙara yawan waɗanda nake gani a waya. Duk wani magidanci a Zango yana da irin wannan lissafin da yake kwana da shi, kuma a nan bambancin canji ba ya taimakon kowa.

Kada kuma wani matashi ya karanta wannan ya ɗauka an shimfiɗa masa darduma a Kwatano. Baƙo baƙo ne. A farkon 2017 hukumomin Benin suka share rumfuna da teburan da ke bakin tituna, masu ƙananan sana'o'i da yawa suka wayi gari babu wurin zama. Haya tana da tsada, mai gida kuma yakan nemi kuɗin watanni kafin ya ba da mabuɗi. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya nuna mana yadda abincinmu yake rataye da zare. Aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, manyan motoci suka yi jerin gwano na tsawon kilomitoci, albasar Galmi ta riƙa ruɓewa a hanya ko a haye da ita a kwale-kwale da ninkin kuɗi. A littafin da nake riƙewa na ga dillalan da suka shekara ashirin a kasuwa sun koma neman bashi. Hanyar gida ma ba kamar da ba ce. Jihar Alibori, inda Kandi da Segbana suke, tana fama da hare-haren 'yan bindiga daga dajin W, har sojojin Benin da dama sun rasa rayukansu a 2025. A ɓangarenmu kuma ga maganar Lakurawa. Tafiyar da a da ake yi da dare ana barci a mota, yanzu sai an lissafa inda rana za ta faɗi.

Nakan ji manyanmu a taruka suna kira ga matasa su dawo gida su rungumi noma. Kiran yana da daɗin ji, kuma da yawanmu muna jiran a ba mu dalilin amsa shi. Wanda ya rasa shinkafarsa a 2020 yana son ya san ko akwai madatsa ko inshorar da za ta tsaya masa idan Kwara ta sake cika. Mai shago yana son iyakar da ke buɗe bisa ƙa'ida, mai ofishin kwastam guda da rasit guda, maimakon shingaye barkatai da kowanne ke da nasa farashin. Direba yana son titin da ya tashi daga gadar Tuga ya bi ta Kaoje zuwa Tsamiya ya zama na ɗaukar tirela a kowane lokaci na shekara. Albasar Aliero da shinkafar fadamarmu da shanun kasuwanninmu duk suna da masu saye a Parakou da Kwatano, ni shaida ne, don ni nake rubuta farashinsu kowace safiya. Da kayan za su riƙa wucewa ta Tsamiya a fili da takardunsu, aikin da nake yi a Dantokpa ana iya yin rabinsa a Bagudo, tafiyar minti goma daga ɗakin Inna.