Tuhumar Ƙarya a Takardun Tafiya, da Inda A Ke Kai Kuka

Ga wata magana da ta shafi duk mai riƙe da fasfo.

A watan Nuwamba na 2023 wani jirgin kamfanin Air Peace ya tashi daga Ikko, ya biyo ta Kano ya ɗauki mutane, ya sauka Jidda da fasinja 264. Suna sauka hukuma ta soke bizarsu baki ɗaya. Da jami'an jakadancin Nijeriya suka sa baki aka bar mutum 87 suka shiga, sauran 177 kuwa aka juyo da su gida. Ofishin jakadancin Saudiyya ya ce laifinsu shi ne sun ba da bayanin da ba daidai ba, domin su sami irin bizar da ba ta dace da su ba. Babu alƙalin da ya zauna, babu shaidun da aka kira. Kuɗin jirgi da guzuri duk suka tafi a banza.

To, malamai sun san ƙa'idar shari'a, cewa mai da'awa shi ke kawo hujja. Amma a bakin iyakar ƙasar wani, al'amarin ya juya: baƙo shi ne mai roƙo, shi a ke nema ya tabbatar da gaskiyarsa. Ɗan ƙasa kuwa hukuncinsa dabam ne, kuma muna da misali a nan Arewa.

Ran 24 ga Janairu 1980 ma'aikatan shige da fice suka ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman daga gidansa a Maiduguri, suka ƙetare da shi zuwa ƙasar Cadi. Shi ne shugaban masu rinjaye a Majalisar Jihar Barno, ɗan jam'iyyar GNPP, alhali kuwa NPN ke mulkin Tarayya. Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, shi ya sa hannu a takardar korar, bisa zargin cewa Shugaba ba ɗan Nijeriya ba ne, shigar burtu ya yi. Aka kai ƙara Babbar Kotun Maiduguri gaban Mai Shari'a Oye Adefila. Ba a yi gardama ba cewa asalin mahaifinsa daga wajen Cadi ne. Sai dai Tsarin Mulki na 1979 ya ce wanda aka haifa a ƙasar nan kafin samun mulkin kai, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa na cikin al'ummar da ke da asali a Nijeriya, to, ɗan ƙasa ne, kuma ba a korar ɗan ƙasa. Kotu ta gamsu mahaifiyarsa 'yar Barno ce, ta rushe korar, ta sa a biya shi diyya. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, a 1982 aka sake tabbatar masa da gaskiyarsa. Wannan ƙa'ida tana nan a sashe na 25 da na 41 na Tsarin Mulki na 1999, kuma ya kamata leburorin masana'antu waɗanda iyayensu suka fito daga Maraɗi ko Damagaram su san ta, domin dangin uwa ma hujja ne.

A ƙasashen Turawa ƙofar kuka ƙunci gare ta ƙwarai. Ingila, in ta kama mai neman bizar ziyara da yaudara, tana iya hana shi shiga har shekara 10, kuma galibi ba shi da ikon ɗaukaka ƙara, sai dai lauya ya roƙi kotu ta duba ko jami'in ya bi doka. Kanada shekara 5 ta ke hanawa, wanda ke waje kuma kwana 60 gare shi ya kai kuka Kotun Tarayya. Amurka ta fi kowa tsanani, domin haninta na har abada ne, in ba an yi wa mutum afuwa ta musamman ba, kotunanta kuma ba su cika taɓa hukuncin jami'in biza ba.

Abin takaici shi ne, da yawa daga cikin waɗanda a ke tuhuma ba su ne suka shirya ƙaryar ba. Attajiri ya miƙa fasfo da kuɗi ga dillalin biza, dillali ya cika takarda da Turanci, ya ƙara masa takardar banki ta jabu ko ya ɓoye cewa an taɓa hana shi, shi kuwa ya sa hannu bai ji abin da aka rubuta ba. Hukuma ba ta san dillali ba, mai sa hannu ta sani. Wani kuma sunansa ne ya saɓa, a fasfo Muhammadu, a katin ɗan ƙasa Mamman, shekarun haihuwa ma kowace takarda da nata. A Hajjin 2012 an tsare mata 'yan Nijeriya wajen 1,000 a Saudiyya kan batun muharrami, wasunsu domin sunan da ke fasfonsu bai yi daidai da na mazajensu ba, har sai da Gwamnati ta naɗa tawaga ƙarƙashin Alhaji Aminu Waziri Tambuwal.

Saboda haka wanda aka hana, kada ya yaga takardar hanin cikin fushi. Ya kai wa lauya a karanta masa, a ga ko an ce hujjarsa ce ta kasa ko kuwa an ce ya yi yaudara, domin na farko sake nema ne maganinsa, na biyu kuwa tabo ne da sai an wanke. Ya adana rasidin dillali da saƙonnin da suka yi ta waya, ya karɓo takardar gaskiya daga bankinsa da hatimi. In ya sake nema, ko a wata ƙasa ce, aka tambaye shi ko an taɓa hana shi, ya ce an taɓa, domin Ingila da Amurka da Kanada suna musayar hoton yatsu a tsakaninsu.