Mene ne umarnin kare bishiya a Ingila?

Idan aka sare wata tsohuwar bishiya a Ingila, ɗaya daga cikin tambayoyin da akan yi ita ce ko akwai umarnin kariya a kanta. Wannan umarni takarda ce da ƙaramar hukuma ke fitarwa a ƙarƙashin dokar tsara birane ta 1990, domin kare bishiya guda ko kurmi sukutum da jama'a ke amfana da shi.

Da zarar takardar ta fito, ko a tsakar gidanka bishiyar take, ba ka da ikon sare ta, tuge ta ko rage mata rassa sai da rubutaccen izini. Hukuma na da mako 8 ta amsa buƙatarka. Wanda ya yi gaban kansa, kotu na iya cin sa tarar da ba a ƙayyade iyakarta ba, kuma dole ya dasa wata a gurbinta. Wannan sharaɗin dashen ya fi burge ni, domin tara ba ta maido da inuwa.

Masu gidaje da kamfanonin gine-gine ne abin ya fi shafa. Sai dai bishiyoyin gefen titi, waɗanda mallakar hukumar ce kanta, ba kasafai ake sa musu wannan kariya ba. Misali, a birnin Plymouth, a Maris 2023, ƙaramar hukumar ta sare irin waɗannan bishiyoyi fiye da 100 cikin dare ɗaya.