Sharuɗɗan shiga Saudiyya a Hajjin 2022: abin da saƙon WhatsApp ya faɗa daidai da inda ya yi ƙarya

Sharuɗɗan da Saudiyya ta gindaya wa maniyyata aikin Hajjin 2022 guda uku ne, kuma Ma'aikatar Hajji da Umara ta ƙasar ta bayyana su tun ranar 9 ga Afrilu: shekarun maniyyaci su gaza 65, ya kammala allurar rigakafin korona da ƙasar ta amince da ita, sannan ya gabatar da sakamakon gwajin PCR da aka yi cikin awa 72 kafin tashinsa. Alhazai miliyan ɗaya aka yarje wa, Nijeriya ta samu kujeru 43,008. Duk da haka, wani saƙo marar sa hannu ya yi ta yawo a lokacin a zaurukan WhatsApp na maniyyata da na dangi, ya cakuɗa gaskiya da ƙarya.

Batun shekara 65 da ke cikinsa gaskiya ne a Hajjin 2022, komai ɗacinsa ga dattawan da suka daɗe da ajiye kuɗin kujera. Cewa an haramta wa 'yan Nijeriya shiga Saudiyya tsohon labari ne: an dakatar da jirage daga Nijeriya a watan Disamban 2021 saboda nau'in korona na Omicron, aka ɗage dakatarwar ranar 5 ga Maris, 2022. Zancen allurar na hana haihuwa kuwa, babu wata shaida da ta tabbatar da shi.

Ɓarnar tana cikin iƙirari na huɗu, wanda ke cewa tunda Saudiyya ta janye dokokin korona, maniyyaci ba ya bukatar allura, in ma an tambaya, akwai masu yin katin a kan 'yan kuɗi kaɗan. Rabin farko yana da tushe, shi ya sa ya karɓu. A wannan rana ta 5 ga Maris, Saudiyya ta soke killace baƙi da gwajin PCR ga masu shigowa, ta kuma daina tilasta ba da tazara a sahun Masallacin Harami da na Madina. Sai dai wannan sassauci ne na shiga ƙasa gaba ɗaya. Sanarwar Hajji ta biyo baya da fiye da wata ɗaya, ita ce kuma ta yi aiki a kan mai bizar Hajjin 2022. Wanda ya haɗa saƙon ya ɗauko labarin Maris ya liƙa wa Hajjin Yuli, ko dai bai karanta sanarwar Afrilu ba, ko ya karanta ya ɓoye.

Katin sayarwa ma ba mafita ba ne. Katin rigakafin da hukumar lafiya a matakin farko ta Nijeriya ke bayarwa a lokacin yana ɗauke da lambar QR da ke haɗe da rajistar kwamfuta; idan aka haska ta da waya, sunan mutum da nau'in allurarsa da ranar da aka yi masa suke fitowa. Katin da aka cike da biro a bayan shago ba shi da wannan rajista. Mai shi ya biya kuɗi a kan abin da gwamnati ke yi kyauta a lokacin a asibitin unguwa, ya kuma jefa miliyoyin da ya zuba a hukumar alhazai cikin haɗari.

Akwai kuma matsalar lokaci. AstraZeneca da Pfizer da Moderna sau biyu ake yin su, da tazarar makonni a tsakani; Johnson & Johnson ce kaɗai ake yi sau ɗaya. Wanda ya yarda da saƙon ya zauna har aka fara jigila, ko ya farga daga baya, kwanakin ba lalle su ishe shi ba.

Ba abin mamaki ba ne mutane su rungumi labarin sauƙi. Shekara biyu a jere, 2020 da 2021, babu alhajin da ya je daga wajen Saudiyya, kuma sharuɗɗan sun yi ta sauyawa har suka gajiyar da kowa. Amma sharaɗin allura ba baƙo ba ne ga alhazan Nijeriya da Nijar, domin an daɗe ana yi musu ta sanƙarau da ta shawara kafin tashi. Ta korona ta kasance ƙari a kansu a 2022, kuma hukumar jin daɗin alhazai ta jiha, ko ta ƙasa, NAHCON, ita ce wurin tantance duk wani sauyi.