Abin da ke sa sabuwar kwamfutar tebur ta riƙa mutuwa ba zato

Tun bayan kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero a shekarar 2006, da kuma mayar da jarrabawar JAMB kacokan kan kwamfuta a 2015, shagunan buga takardu da cibiyoyin koyon kwamfuta suka yawaita a Jega da Aliero da Maiyama, kuma daga cikin masu su akwai waɗanda kan sayi sassa daban-daban su haɗa kwamfutar tebur da hannunsu domin rage tsada. Ƙorafin da ya fi damun mai sabon haɗi shi ne na'urar ta tashi lafiya lau, ta yi aiki na ɗan lokaci, sannan ta mutu ɗif ba tare da gargaɗi ba. Maganin da aka fi gaggawar yi, wato goge Windows a sake ɗora ta, ɓata lokaci ne a mafi yawan lokuta, domin manhaja idan ta rikice takan nuna shuɗin allo ko ta daskare, amma yankewar wuta baki ɗaya tana nuni ne ga ƙarfe da lantarki. Ko lambar 41 da Windows kan rubuta a kundin abubuwan da suka faru, iyakar abin da take faɗa shi ne an kashe na'urar ba ta hanyar da ta dace ba, ba ta bayyana dalili.

A wannan yanki na Jihar Kebbi, bincike ya kamata ya fara daga soket ɗin bango. Fawa saflai, wato akwatin da ke karɓar wuta mai ƙarfin bolt 230 ya rarraba ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan ciki ke buƙata, an tsara shi ne ya jure yankewar da ba ta wuce kimanin kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa ba, saboda haka ƙyaftawar wutar da ido ba zai gani a ƙwan fitila ba, ta isa ta kashe kwamfuta. Haka ke faruwa idan wuta ta zo ƙasa-ƙasa, ko kuma firji ko injin fotokwafi ya tashi a kan ƙaramin janareta ɗaya da kwamfutar, ya janye ƙarfin na ɗan lokaci. A ƙauyuka irin su Giwa Tazo, duk wanda ya dogara da sola yana da ƙarin abin lura, domin inbata mai araha tana fitar da wuta mai hawa da sauka kamar matakala, wadda wasu fawa saflai na zamani ba sa jituwa da ita. Gwajin ba ya cin kuɗi: a kai kwamfutar wurin da wuta ke da tsayayyen ƙarfi, ko a haɗa ta da UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan ta yanke, a ga ko matsalar ta biyo ta. Idan ta biyo, kuma mutuwar na zuwa ne lokacin aiki mai nauyi kamar tace bidiyo, zargi ya koma kan fawa saflai ɗin kansa, musamman na hannu ko marar suna, wanda adadin wat da aka rubuta a jikinsa sau da yawa ya zarce abin da yake iya bayarwa. Abin takaici ne a kashe dukiya kan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, sannan a yi tsumulmula a kan abin da ke ciyar da ita.

Zafi ne ke biye, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ma'auni kan haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu. Furosesa, ƙwaƙwalwar da ke lissafin komai, tana rage gudu idan ta kusa digiri 95 zuwa 100, idan abin ya ci gaba sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. A sabon haɗi ƙurar hunturu ba ta riga ta taru ba, don haka laifin yakan kasance mantuwa: siririyar ledar da ke ƙasan masanyayi ba a ɓare ta ba, ko man da ke isar da zafi daga furosesa zuwa ƙarfen bai wadata ba, alhali ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa, ko sukurori ba su ɗauru daidai ba. Alamarsa ita ce kwamfutar kan daɗe idan aka kunna ta da sanyin safiya, amma ta yi saurin mutuwa idan aka sake kunna ta nan take.

Idan wuta da zafi sun kuɓuta, sai a duba filogi mai ƙafa 24 da mai ƙafa 8 na furosesa ko sun zauna har sun yi ƙas, a gwada sandunan ram, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, ɗaya bayan ɗaya da manhajar MemTest86, a kuma tabbatar babu ƙarfen da ke taɓa bayan madabod, babban allon da komai ke kansa. Ƙwararren mai gyara yakan fitar da allon daga akwati ya ɗora a kan kwali, ya kunna shi da furosesa da sandar ram guda, sannan ya riƙa mayar da sauran sassa ɗai-ɗai, yana barin kowanne ya yi aiki na wasu sa'o'i kafin ya ƙara na gaba.