Daga Tsayawa a Layi Zuwa Katin Zaɓe

Waɗanda suka manyanta a Jega, Aliero da Maiyama za su tuna da zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 1990. A lokacin ba a jefa takarda cikin akwati. Kowa yakan je ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna a gaban jama'a. An ce wannan zai hana maguɗi. Amma ka duba, mai karatu: yaya ɗan haya zai tsaya a wani layi dabam, mai gidansa kuwa yana kallonsa? Matar aure fa? Wanda mutanensa ba su da yawa a gari, sau da dama gwamma ya zauna a gida.

Da aka koma ga ƙuri'ar asiri sai wata cuta ta fito, watau cika akwati da sunayen waɗanda ba su zo ba. Zaɓen 2007 ya ɓaci har Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa da kansa ya yarda akwai gyara. Ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Cikin 'yan kwamitin akwai wani ɗan Jega, Farfesa Attahiru Jega, wanda aka naɗa shugaban hukumar zaɓe ta INEC a 2010.

A zaɓen 28 ga Maris 2015 hukumarsa ta kawo katin zaɓe na dindindin, da na'urar da ke karanta katin tana duba zanen yatsa. Na'urar ta ba da wahala a wurare da dama, har ta ƙi karanta katin Shugaba Jonathan a Otuoke. Duk da haka ta rage wa masu zaɓe da katin wani hanya ƙwarai.

Abin da na'ura ba ta taɓa ba shi ne yadda jam'iyya take fitar da ɗan takara. A lokacin wakilai kaɗan ne sukan taru su zaɓa, kuma sayen mutum ɗari ya fi sayen dubu goma sauƙi. A 2021 Majalisar Tarayya ta so a tilasta wa jam'iyyu su bar dukan membobinsu su yi zaɓen fidda gwani. Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu. Sai da aka mayar da zaɓen wakilai da sasantawa cikin dokar kafin ya sa hannu a Fabrairu 2022. Saboda haka manomin albasa na Aliero ya tafi rumfa a 2023 da katinsa mai kyau, ya tarar wasu sun riga sun tace masa sunayen.