Daren Madalla da Haƙƙin da Jiki ke Bin Mai Shi

Duk matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Abuja, in ya wuce mahaɗar Suleja har Dutsen Zuma ya tsaya masa a gaba, to, ba zai daɗe ba sai ya shiga Madalla, garin da ke bakin iyakar Jihar Neja, wanda babu abin da ya raba shi da Zuba face layin da hukuma ta shata. Tun da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta zartar a 1976 cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, har tsohon garin Abuja ya sakar wa sabon sunansa ya koma Suleja, sa'an nan aka kwaso mulki daga Ikko ranar 12 ga Disamba, 1991, sai birnin nan ya wayi gari yana bukatar dubban akawuna da masinjoji da direbobi da magina da masu gadi, alhali kuwa kuɗin hayar gidajensa ya fi ƙarfin galibinsu. Saboda haka suka watsu a gefe, wasu Kubwa, wasu Zuba, wasu Madalla da Suleja, nan suke kwana, can suke wuni, kuma kilomita 40 da 'yan kai da ke tsakani, da barcinsu suke biyan ta kowace rana.

Mu yi lissafi a kan mutum guda. Wanda ake son ya sa hannu a ofis ƙarfe 8 na safe, in yana so ya riga cunkoson Zuba da na hanyar Kubwa, tilas ya tashi wajen ƙarfe 4, ya yi wanka, ya jira assalatu, yana sallamewa ya nufi bakin titi. Wanda ya taɓa shiga waɗannan motoci da duku-duku ya ga abin da nake nufi: ba a bar Zuba ba kawuna sun fara rinjaya, wannan ya jingina da gilashi, wancan ya faɗa kafaɗar maƙwabcinsa, wata baiwar Allah ta rungume jakarta tana gyangyaɗi, sai an kai Baja a cikin Abuja yaron mota ya dafa mutum ya ce, "Malam, tashi, mun iso." Komowa gida kuwa, in ranar da kasuwa ta ci rabin titi ce, sai bayan isha'i. Da a ce nan take za a ci tuwo a kwanta, da asarar ba ta kai haka ba. Amma ga teburin mai shayi da hirarsa, ga gidan kallo inda wasan ƙwallon Turai ba ya ƙarewa sai wajen ƙarfe 10 ko 11, ga wutar lantarki da kan dawo tsakar dare ta tashi uwargida guga da cajin waya, ga injin maƙwabci yana ruri a gindin taga, ga kuma uwa uba wayar hannu, wadda ta shigo mana a 2001, yanzu har shimfiɗa take bin mutum. Sai ka iske magidanci bai runtsa ba sai sha biyu ta gota, barcinsa duka awa 4 ne, alhali likitoci sun yi ittifaƙi a kan cewa baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9, matashi 8 zuwa 10, yaron firamare kuwa 9 zuwa 12.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka barci ba kome ba ne illa tsayawar aiki, wanda jarumi ke iya ragewa yadda ya ga dama, wannan kuwa kuskure ne babba. A 1953 wasu masana biyu na Jami'ar Cikago a Amurka, Aserinsky da Kleitman, suka lura cewa idon mai barci yakan riƙa motsi da sauri a wasu lokuta na dare, kuma a nan ne galibin mafarki ke aukuwa. Daga nan aka fahimci cewa barci mataki-mataki ne, yana zagayowa kamar kowane minti 90, nannauyan barci ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuma a goshin asuba. A cikin nannauyan ne bugun zuciya ke lafawa, ƙarfin bugun jini ya sauka, jiki ya gyara abin da wuni ya ɓata, ƙwaƙwalwa kuma ta tabbatar da abin da aka koya, shi ya sa ɗalibin da ya kwana yana bitar karatu yakan wayi gari haddarsa ta zube. A 2013 kuma wasu masu bincike a Jami'ar Rochester suka nuna a jikin ɓeraye cewa ruwan da ke wanke dattin ƙwaƙwalwa ya fi gudana a lokacin barci, kamar dai yadda ba a share kasuwa sai ta watse. Wanda ya lazimci tauye wannan aiki shekara da shekaru, bincike mai yawa ya nuna ya fi kusa da hawan jini da ciwon sukari da ƙiba da ciwon zuciya, ban da saurin fushi da mantuwa waɗanda iyalinsa ne ke fara ɗanɗana su.

Har ila yau, Allah Maɗaukakin Sarki ya halitta wa jiki agogonsa, wanda masana uku da suka bayyana yadda yake aiki suka sami lambar Nobel a 2017. Haske ne ke saita shi. In duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari, melatonin, mai shirya jiki ga barci, hasken fitila mai ƙarfi da na waya kuwa yana jinkirta shi, balle ga labarai da gardandamin da ke cikin wayar masu tayar da hankali. Shayi da goro da kofi da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ba ya kawar da gajiya, sai dai ya toshe wa ƙwaƙwalwa labarinta, kuma bayan awa 5 da shansa kimanin rabinsa na nan cikin jini. Ke nan shayin ƙarfe 9 na dare yana nan yana aikinsa ƙarfe 2.

Abin mamaki shi ne, babu ko ɗaya daga cikin wannan da ya saɓa wa tsarin da muka gada. Alƙur'ani mai girma ya ambaci barci a jerin ni'imomi da ayoyin Ubangiji, ya kuma ware dare domin natsuwa. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ƙin hira bayan isha'i, ya kuma hana Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi raya dare dukansa da ibada, yana tunatar da shi cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. To, in ƙiyamul laili kansa aka yi masa iyaka saboda haƙƙin jiki, ina ga kallon bidiyo? Kakanninmu da suka ce dare mahutar bawa, sammakonsu ya fi namu, amma kwanciyarsu da wuri take, kuma suna da ƙailula, wadda ma'aikaci na yau zai iya rayawa da minti 20 bayan azahar, muddin bai zarce ba har ta cinye masa barcin dare.

Inda al'amarin ya fi muni shi ne wajen direba, domin shi rayukan jama'a ne a hannunsa. A 1997 masana a Ostireliya suka gwada, suka iske wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, kuzarin hankalinsa ya ragu daidai da na wanda ya sha giya gwargwadon da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi da shi. Direban da ya tashi ƙarfe 4 na asuba, ƙarfe 9 na dare ya cika awa 17 cif, yana kuwa kan titi da lodin ƙarshe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa, in ido ya rufe na daƙiƙa 3 kacal, ta ci mita 80 da ɗoriya ba mai riƙe da ita, a hanyar da manyan motoci da tankokin mai ke bi dare da rana. Goro da ƙwayar tiramadol da wasu ke dogaro da su ba su biyan bashin barci, ɓoye shi kawai suke yi.

A ganina, mutumin Madalla ba shi da ikon matsar da asubarsa, domin ofis da hanya ne suka yanka masa ita, gyaransu kuwa aikin hukuma ne. Abin da ke hannunsa shi ne tsakanin isha'i da sha biyu. In ya bar shayi mai ƙarfi tun la'asar, ya ajiye waya nesa da shimfiɗa, ya zaɓi wasan ƙwallo ɗaya a mako ya bar sauran, ya kwanta cikin gidan sauro wajen ƙarfe 9 da rabi, ya karɓi wayoyin yara tun kafin nan, ya ƙwato awa 2 ko fiye a kowane dare. Amma wanda ya yi duk wannan barci ya ƙi zuwa har makonni, ko wanda iyalinsa ke jin yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa na ɗaukewa sa'an nan ya farka a firgice, wannan kam larura ce da ke da alaƙa da hawan jini, kuma asibiti ya kamata ya nufa a duba shi, kada ya tsaya kantin magani ya sayi ƙwayar barci da ka.