Daga Rasha zuwa Wagadugu: Abin da tseren keke ke gaya wa 'yan kasuwarmu

Duk wanda ya saba bin hanyar Kumasi zuwa Paga da lodin goro, ko ya dawo da albasa da tumatir, ya san yadda mutanen Burkina Faso suka riƙi keke. A can ne ake yin gasar Tour du Faso, wadda aka fara a 1987, shekarar ƙarshe ta mulkin Thomas Sankara. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, wanda ya lashe gasar farko baƙo ne daga Tarayyar Sobiyet, mai suna Igor Luchinko.

Me ya sa baƙo ya zo har gida ya ƙwace kambu? Amsar tana cikin tarihin wani ɗan Rasha, tsaransa, wato Viatcheslav Ekimov.

An haifi Ekimov a garin Vyborg a 1966. Tun yana yaro ya shiga makarantar horar da 'yan tseren keke a Leningrad, a zamanin da gwamnati ke ɗaukar nauyin keke da abinci da mai horarwa. A 1988 ya samu zinare tare da abokan tserensa a wasannin Olamfik na Seoul. Da Sobiyet ta sassauta wa 'yan wasanta, sai ya koma tseren neman kuɗi a 1990, a ƙungiyar da ke ɗauke da sunan kamfanin Panasonic.

Sau 15 ya shiga Tour de France, tseren mako uku na ƙasar Faransa, kuma duk ya kai ƙarshe. Bai taɓa lashe ta ba. Yawancin aikinsa irin na yaron gida ne: ya tare wa jagoran ƙungiya iska, ya ja ayari. Ya ci zinare a Sydney a 2000. A Athens a 2004 ya zo na biyu, amma da Ba'amurke Tyler Hamilton ya amsa cewa ya yi amfani da haramtattun magunguna, sai aka miƙa wa Ekimov zinaren a 2012, shekara shida bayan ya yi ritaya. A shekarar ce kuma aka ƙwace nasarori bakwai na Lance Armstrong, ubangidan da ya yi wa hidima. Kowane ɗan kasuwa ya san ƙarshen mai algus a mudu.

To, 'yan uwa, ga inda zancen ya shafe mu. Ba a sayar da tikitin kallon tseren keke, domin a bakin titi ake tsayawa. Kuɗin ƙungiyoyi daga masu tallar haja yake fitowa, su biya albashi, a rubuta sunansu a rigar ɗan tsere. Ita kanta Tour de France wata jarida ce ta ƙirƙiro ta a 1903 don ta samu masu saye.

Maƙwabtanmu sun gane wannan karatu da wuri. A 1988 ɗan gida, Mady Kaboré, ya karɓe kambun Faso. Ernest Zongo ya ci a 1995 da 1997, kodayake Zongon nasa sunan dangi ne, ba irin namu ba. Can a gabashin Afirka kuma, Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe zango uku a Tour de France ta 2024.

Mu a nan Asokore Mampong, kullum muna ganin samarin Aboabo da Sawaba da Asawase suna tuƙa keke da kaya niƙi-niƙi, wasu kuma sun koma aboboya. Ƙarfin ƙafa dai akwai. Abin da babu shi ne keken tsere, hular kwano, mai horarwa, da titin da babbar mota ba za ta bi ta kan yaro ba.

Muna kira ga Alhazai da Hajiyoyin kasuwa, masu goro da masu shanu da masu atamfa, da su haɗa hannu da sarakunan Zango su ɗauki nauyin yara ko da biyar ne, a rubuta sunan shago a bayan rigarsu. Ekimov da taimakon gwamnati ya fara, da kuɗin 'yan kasuwa ya ɗore. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu ga ranar da yaron Zango zai ƙetare Paga a kan keken tsere.